Firintar da ke Amsawa da Sunan Birmingham

Shekarar da na zo Manchester a duba mini ido, a wurin 'yata na sauka, a Whalley Range, cikin wani tsohon gida da aka yayyanka shi flat-flat. Ita tana uni, wato jami'a, mijinta yana wurin aiki, jikokina kuma in sun dawo makaranta sai su yi mini wani Turanci da ko rabinsa ba na kamawa. Na yi aikin sadarwa a Kano da Khartoum da Jidda da Abidjan, amma ban taɓa zama garin da taga ce abokiyar hirata ba sai nan. Shi ya sa da wani mutumin Kumasi ya tare ni bayan Juma'a a Longsight, ya ce an gaya masa ni injiniya ne, ban bari ya kai ƙarshen zancen ba na amsa.

Shi da ƙanensa aika kaya Ghana suke yi, ganguna da kwalaye da tsofaffin firiji. Yayan yana riƙe da ofishin Manchester, a saman shagon wani mahauci a Stockport Road, ƙanen yana Lozells a Birmingham. Wani Bature ya haɗa musu ofisoshin biyu da VPN, wato rufaffiyar hanya ta cikin intanet, don kowa ya riƙa ganin kwamfutar ɗan'uwansa. Tun daga ranar ƙanen bai taɓa iya buɗe komai na Manchester ba, yayan kuwa ya rantse da idonsa ya ga Birmingham tana amsawa. Ƙanen ya ɗauka da gangan aka rufe masa ƙofa. Ya ce in Sallah ta zo bai ga abin da yayansa ke gani ba, zai sauke allon kamfanin, kowa ya kama gabansa.

Aka zaunar da ni a ɗakin baya, ba taga, tsakanin kwalayen Tema da na Tamale, ƙarnin nama yana hawowa ta matakala. Na fara da abin da kowa ke farawa da shi, ka aika 'yar sallama zuwa lambar kwamfutar can, ka jira a amsa. Masu aikin suna ce mata ping. Na aika, aka amsa nan take. Na kira ƙanen na sa ya aika tasa, shiru.

"Ka gani ko, Baba? One way ce," in ji shi. "Shi yana leƙa ɗakina, ni an sakar mini labule."

Yayan yana tsaye a kaina, ya ji. "Baba, gaya masa labulen a cikin kansa yake."

Na yi ta zuwa, na binciki router, akwatin da ke nuna wa saƙo hanya, ban ga inda aka kuskure ba. A Khartoum in layi ya mutu, bin waya kake yi da ƙafa har ka iske inda gara ta ci. A Jidda zafi ne ke narkar da ita, ka gani da idonka. Nan babu abin taɓawa, sai baƙin allo da 'yan'uwa biyu, ɗaya a kunnena, ɗaya a ƙeyata. Na gudo daga ɗaki na faɗo wani wanda ya fi shi ƙunci, kuma na riga na amsa.

Wata rana da hantsi matar yayan ta shigo za ta dafa mini shayi. Ba sauran soket a ɗakin, sai ta zare filogin firinta ta sa na buta. Ina kallon allo, Birmingham ta daina amsawa.

"Hajiya, don Allah mayar da wancan." Ta mayar, amsa ta dawo. "Zare kuma." Ta zare, shiru.

"Baba, shayin za ka sha ko wasan wuta za mu yi?"

Ashe duk sallamar da muke aikawa ba ta taɓa fita daga ɗakin ba, firintar da ke gefena ce ke amsawa. Ƙanen ya sayi router irin ta yayansa sak, kamar yadda yake yi a komai har mota, kuma duka biyun da lambobi iri ɗaya suka fito daga kwali. Unguwa biyu, suna ɗaya, lambobin gida ɗaya. Saƙo ba ya ganin dalilin shiga hanyar Birmingham, tunda ga gidan nan kusa. Maganin bai da wuya, ofis ɗaya ya zauna a kan lamba ɗaya, ɗayan ya koma biyu.

"To ya koma mana," in ji yayan. "Ni na fara buɗe ofis."

"Kullum ni ke komawa," in ji ƙanen ta waya. "No way, Baba."

Na ce to mu bar ɗaya da biyu, a ɗauki goma da ashirin. Yayan ya tambayi wa zai ɗauki goman.

Sallah ta matso, sai na hau coach, doguwar bas, zuwa Birmingham, muka maƙale a cunkoson babbar hanyar M6, ruwan sama yana bin gilashi. Na iske ƙanen ya jingina tsani a ƙofar shago, ƙarƙashin allon kamfanin. Na nuna masa komai a kan kwamfutarsa, na ce babu wanda ya rufe masa ƙofa. Ya juyo ya dube ni.

"Sa mini biyun, Baba. Ai tun da aka haife ni, ni ne biyu."

Na canja lambobin, kwamfutar Manchester ta buɗe a gabansa. Bai duba ko fayil ɗaya ba. Ya tashi ya shigo da tsanin, ya kira yayansa, ya ce, "Yaya, yana aiki," ya ajiye wayar kafin a amsa masa.