Kwanon da Aka Ware wa Mutumin Fika

A unguwarmu ta Dogo Nini, magidanci ba ya cin tuwon dare a cikin gida sai in ciwo ya kwantar da shi. Da an idar da sallar magariba, kowane gida zai fito da abin da Allah ya hore, a jera a kan tabarma a gindin bishiyar maina da ke ƙofar gidana, mu kewaye, mu sa hannu a kwano guda. In ya ƙare a jawo na gaba. Ciyayya ke nan. Haka na tarar da mahaifina yana yi tun da fataucin goro ya baro da shi Kano ya zaunar da shi a Potiskum, haka kuma na riƙe bayan ransa.

Wanda ke zama a damana shi ne aminina, Babole mutumin Fika, dillali a kasuwar hatsi. Tun muna samari muke tare. Ƙaiƙayin gero ya bar masa wani busasshen tari wanda duk unguwa ta san shi da shi, har in an jiwo tarin daga lungu sai a ce a gyara tabarma, ga Alhaji nan tafe. Shi kuwa ba ya kirana da komai sai Bakano, alhali a garin nan aka yanke mini cibiya.

A shekarar da labarin sabuwar mura ya ɓullo daga ƙasar Sin, ba mu da wata hira a kan tuwo sai tata. Akwai tela a cikinmu wanda ba ya rabuwa da rediyo, shi ke kawo mana abin da aka faɗa. Akwai kuma maƙwabcina, tsohon direban tirela da ciwon suga ya sauke daga mota, shi ke musanta duk abin da tela ya kawo.

"Cutar masu hawa jirgi ce," in ji direba. "Ta zo nan cikin bazara, kafin ta kai Nangere da ke nan kusa, rana ta soye ta."

"Ai an ce daga jemage ta fito," in ji tela.

"To, mu da jemagu suka shekara suna yi mana kashi a ka, me ya same mu?"

Wani ya ce dabarar masu mulki ce, wani ya ce tazargade da citta sun ishe ta. Ni kuwa na tuna musu da marisuwa, annobar murar da kakata ta ce ta riske su tana budurwa, wadda ta sa aka rasa masu haƙa kabari a wasu garuruwan. Aminina ya dube ni ya ce, "Bakano, kai dai ko labarin mutuwa ne sai ka nuna naku ya fi na kowa tsufa." Aka yi dariya, shi ma ya yi har tarinsa ya sarƙe shi, ba wanda ya ko ɗaga kai.

Ana cikin haka yayana ya rasu a Kano. Ba a riga an rufe hanyoyi ba. Aminina ya ce ba zai bar ni in tafi ni kaɗai da waɗannan gwiwoyin nawa ba, ya ajiye cinikinsa ya raka ni. Muka yi zaman makoki muka dawo lafiya. Ba mu daɗe da dawowa ba aka fara jin cewa dattawa suna ta mutuwa a Kano, ba a san sanadi ba. Daga nan hirar gindin maina ta sake kama. Direba ya daina musu, ya koma tambayar tela alamomin cutar, tela kuma yana lissafa masa: zazzaɓi, sarƙewar numfashi, busasshen tari.

Ni ne ɗan Kanon, ni na kai aminina can, tare muka gaisa da jama'a ɗaya. Amma ni ba na tari.

Wata rana da magariba, cikin azumi, direba ya fito da burabusko a babban tire kamar yadda ya saba, sai dai a ɗaya hannun yana riƙe da wani ƙaramin kwano mai murfi. Ya ajiye tire a tsakiya, ya miƙa kwanon gaban aminina, idonsa a ƙasa.

"Alhaji, ga naka. Likitoci sun ce kowa ya riƙa cin nasa daban."

Likitocin ba su yi ƙarya ba, cutar kuwa gaskiya ce, mun gani da idonmu daga baya. Da kowa aka ba nasa kwanon, da ba a ɓata wa kowa ba. Amma kwano ɗaya ya kawo. A tasowarmu, wanda ake ware wa kwano a cikin jama'a an san ko wane ne, kuturu ne, kuma ba dillalin da ya ciyar da rabin unguwa a shekarun fari ba ne.

Na jawo kwanon na ce tare za mu ci. Aminina ya dafa hannuna ya janye abinsa. Ya yi bisimilla, ya ci a natse har ya cinye, ya wanke hannu, ya ce wa direba, "A yi wa uwargida godiya, miya ta yi daɗi." Ya sa takalmansa ya tafi. Ko sau ɗaya bai yi tari ba a zaman nan. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi saboda danne shi da yake yi.

Washegari bai fito ba. Na sa aka ɗauki tuwon gidana, na bi baya da sandata har ƙofar zaurensa. Na tarar da ita a rufe. Na yi sallama, ya amsa daga ciki.

"Bakano, koma gida."

"Buɗe mini, tuwo zai huce."

"In maganarsu gaskiya ce, ba na son in zama ajalinka. In kuwa ƙarya ce, ba na son ka ga fuskata a yanzu."

Na shimfiɗa buzuna a waje na zauna. Na gaya masa cewa ni ɗan fatake ne, na san zaman jiran mai kaya. Ya yi dariya kaɗan, amma bai buɗe ba. Haka muka yi sauran azumin nan: ni a waje da tuwona, shi a ciki da nasa, muna hira ta tsakanin ƙyaure. In na ce masa ya ci, sai ya ce ai yana ci, in ji ƙarar kwano, in kwantar da raina.

Kafin salla, tsoron ya fara sakin mutane. Sun ga ni da ke zuwa ƙofarsa kullum ban kwanta ba, iyalinsa ma ba wanda ya kwanta. Limamin unguwa ya tara mu ya ce abin da aka yi bai kyautu ba, a je a ba shi haƙuri a dawo da shi. Direba ya amince, har da ƙwalla, ya ce tsoron ciwonsa ne ya rufe masa ido. Sai dai suka ce a bari sai ranar salla, a haɗa da gaisuwa, abin zai fi armashi. Na ce a je yau. Aka ce mini saura ƙiris.

Ana jajibirin salla da hantsi, ɗansa na fari ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, "Baba, Alhaji ya cika."

Ba a yi masa gwaji ba. Har a maƙabarta ina jin ana raɗa a bayana, wani na cewa cutar ce, wani na cewa hawan jini, wani na cewa tsohon tarinsa ne ya ƙarasa shi. Da na shiga yi wa matarsa ta'aziyya, sai ta ce mini daga bayan labule, "Malam, tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ya ci abinci shi kaɗai ba. Kullum yadda na kai masa haka nake ɗaukowa. Kwanon kawai yake ƙwanƙwasawa don ka ji."

Direba ya same ni bayan sadakar uku, ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa. Na ce masa ni ba abin da ya yi mini, wanda kuwa zai iya yafe masa mun baro shi a gabashin gari. Muka daɗe a tsaye har aka kira la'asar.