Hammadu, Mutumin da Ya Datse Igiyar Maigidansa

Kafin rana ta ɗaga Hammadu ya riga ya isa bakin ramin da ake haƙa. Ba ya doguwar gaisuwa. Sai ya zauna bisa tulin ƙasa, ya jawo igiya, ya bi ta kamu-kamu, yana warware tufkarta da yatsa yana kai ta hanci. Masu aiki su jira, masu kallo su jira, ko mai gari ne ya zo sai ya nemi inuwa. Sai ya kai ƙarshenta sannan ya yi bismilla a ɗaura wa mai shiga. Rijiya goma sha ɗaya ke nan ya haƙa tsakanin Kwaya da Bande da Waca, ba a taɓa fito da kowa daga raminsa da ko targaɗe ba.

Wanda ya gan shi yau zai rantse gadon sana'ar ya yi. Ina! Makiyayi ne, mai shanu arba'in da ɗoriya da ƴar gonar gero a gefen ruga. Farin 1973 ya bi shanun ɗai-ɗai har ya bar masa turaku da igiyoyi. Danginsa wasu suka tsallaka Kano neman gadi, wasu suka shiga layin rabon hatsi a Magaria. Shi kuwa, da shekara arba'in da uku da furfura a gemu, da matarsa Fadi da ƴaƴa huɗu ba ko kofin nono a gida, ya je ya durƙusa gaban Gajere, tsohon mai haƙar rijiya na Kwaya.

"Maigida, so nake ka koya mini aikinka."

Gajere ya dube shi sama da ƙasa. "Kai Fillo, da gemunka? Me kake nema a cikin rami?"

"Abincin yara."

"To, ga kwando can. Ƙasa za ka kwashe. Amma ka ji da kyau, igiyata kada hannunka ya taɓa ta."

Wannan ba wulaƙanci ba ne kawai, al'adar masu haƙa ce. Mutum in ya sauka gaba goma a ƙasa, ransa na hannun mai riƙe igiya, don haka ba a ba baƙo ita, sai jininka. Igiyar Gajere ƙanensa Tamu ke riƙe ta shekara ashirin.

Mu mutanen Kwaya kuwa, sai Allah ya yafe mana. Muka zauna gindin gawo muka gama yanke masa hukunci. Muka ce Bafillace ba ya barin saniya don son ƙasa, leƙen asiri ya zo yi, ya gane inda ruwa ke kwance ya kira danginsa su sauko mana da garke cikin gonaki. In ya yi shiru mu ce yana ƙulla wani abu. In ya yi tambaya mu ce ai ga shi nan. In ya sha ruwa a randar wani, matar gida ta bi shi da ido har ya ajiye moda. Duk yana ji, yana gani, abin kuma yana cinsa a rai, domin mutum ne mai kunya. Shekara biyu yana ɗaukar kwando a ka, sai ka ce ba shi ne ake ba hanya a kasuwar shanu ba. Ya sani sarai, ranar da Gajere ya kore shi, babu ƙofar da ta rage masa a ƙasar nan.

Bayan daminar 1975 aka koma aikin wata rijiya a yammacin gari, ta kai gaba goma sha huɗu, ƙasanta marmara. Tamu ya fito da igiyar rama daga rumbun da ta yi damina, ya shafe ta da man gyaɗa, tana sheƙi kamar sabuwa. Hammadu ya wuce kusa da ita da kwandonsa, sai ya tsaya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jan wasaki yana shayar da garke ya san warin igiyar da ta ruɓe ta ciki.

"Maigida, igiyar nan ta gaji," ya ce, kansa a sunkuye.

"Kai ne ka gaji," in ji Gajere. Aka yi dariya.

Washegari ya sake faɗa. Tamu ya taso masa: "Wa ya sa bakinka? Ko so kake a ba ka ita ka shinshina kamar kare?"

Rana ta uku ita ce ranar da Gajere zai sauka da kansa. Da hantsi, ana cikin shan fura, sai aka ji Tamu ya kwarma ihu. Ga Hammadu tsugune, wuƙa a hannu, ya datse igiyar gida uku.

Kan ka ce me, gari ya taru. Masu sanda sun zo, masu baki sun fi yawa. "Ai mun faɗa!" "So yake ya kashe tsohon ya gaje dagin haƙarsa!" Wani ya zazzage jakarsa, sai ga sabuwar igiya a naɗe, wadda shi da Fadi suka kwana biyu suna tufkawa. Maimakon ta wanke shi, sai ta ƙara masa laifi. Tamu ya ɗaga ta sama yana cewa, "Kun gani? Da shirinsa ya zo! A ɗaure shi a kai wa jandarma a Magaria!"

Hammadu bai gudu ba, bai rantse ba. Gajere kaɗai yake kallo.

"Maigida, a cika buhu da ƙasa daidai nauyinka. A ɗaura a guntun da ya fi tsawo, Tamu ya zura da hannunsa. In igiyar ta riƙe shi lafiya, ni zan miƙa hannu a ɗaure."

Gajere ya ce a kawo buhu. Tamu ya ɗaura da kansa, ya ja ƙullin har sau biyu, ya fara zurawa. Gaba ɗaya. Gaba biyu. Ba a kai ta uku ba igiyar ta ce fat, Tamu ya faɗi da baya, can muka ji buhun ya fashe bisa marmara. Gajere ya ɗauki guntun da ya rage ya murza, cikinsa baƙi ƙirin, yana zuba kamar dusa.

Kada ku ɗauka nan take tsohon ya rungume shi. Gajere ne fa. Sabuwar igiyar ma sai da ya sa aka gwada ta da buhu biyu, ya bi ta da ido da hannu tun daga kai har wutsiya. Da ya gamsu ya ɗaura ta a ƙugunsa, ya wuce ƙanensa, ya miƙa wa Hammadu ƙarshenta.

"Riƙe, Fillo. In ka sake ni, Allah na gani."

"Na riƙe bijimin da ya fi ka nauyi, Maigida."

Bana Gajere ya ajiye aiki saboda gwiwa, dagin nasa kuma yana hannun Hammadu. Tamu ne ke shiga rami yanzu, kuma ba ya yarda kowa ya riƙe masa igiya sai shi.

Hammadu na Fadi, mai hancin igiya! Kai ne ka ɗauki kwando da furfurarka ba ka ce ka girme shi ba. Kai ne ka zaɓi a kira ka mai kisan kai da a fito da maigidanka a buhu. Shanun da muka ce za ka kawo mana, har yau muna jira, akuya uku ce kawai a gidanka. Na san akwai sauran masu cewa a dai bi ka a hankali, kai ma ka san su, kana kuma gaishe su kowace safiya.

Duk wanda sana'arsa ta mutu a hannunsa, ya zo Kwaya ya ga mutumin da bai ji kunyar zama ɗan koyo ba. Duk mai sana'ar da babba ya durƙusa masa, kada ya bari sai buhu ya fashe kafin ya yarda da shi. Mun gode, Hammadu, Allah ya ƙara ƙarfin hannu, ya mayar maka da garkenka. Ka yafe mana. Mu da muka tsaya bakin ramin nan da sanduna muna cewa a ɗaure ka, yau shekara huɗu ke nan ruwansa muke sha.