Jirgin da Baba Bai Ƙarasa Ba

Makon jiya na bi ta wani lungu a bayan kasuwar Barbès a Paris, inda wani mai gyaran mota yake liƙe gaban wata mota da ya tsage. Warin rezin, wato ruwan danƙon da yake shafawa, ya daki hancina, na tsaya cak da ledar cefane a hannu. In ba ka san warin nan ba, kamar fenti yake, amma da wani zaƙi-zaƙi mai kama maƙogwaro. Ni kuwa ina shaƙarsa sai na gan ni 'yar shekara goma sha ɗaya, a ɗakin ajiya na ƙarƙashin benenmu a Vénissieux, gefen birnin Lyon, Kakana yana tsaye da almakashi a hannu.

Shekarar da Baba ya rasu ke nan. Da safe ya tafi mangazar da yake lodin kaya, kafin azahar zuciyarsa ta tsaya. Kaka, mahaifinsa, tela ne mutumin Damagaram, yana da ɗan shago a Paris. Ya zo jana'iza, aka yi sadakar bakwai, baƙi suka watse, shi bai koma ba. Ya ce zai zauna da mu har Inna ta fita takaba. Tsakaninsa da Baba dama ba wata doguwar hira. Ya so ɗansa ya gaji shagon, ɗan kuwa ya taho Lyon, ya kuma ɗauki wata ɗabi'a da Kaka yake kira wasan yara, wato ƙera ƙananan jiragen sama marasa inji, waɗanda ake sarrafawa daga ƙasa da akwatin rediyo.

Ganyen itatuwa ya gama zuba, sanyi ya shigo. Gidanmu ya yi tsit. Kaka yana wuni a kan buzunsa gaban taga da carbi, ko amaryata da ya saba kirana ya daina. Wata Asabar Inna ta ba shi makulli, ta roƙe shi ya sauka ƙasa ya ga abin da za a zubar cikin kayan marigayi. Na bi shi don in nuna masa ƙofar.

A kan tebur muka tarar da fukafukai biyu, farare, kowanne ya kusa tsawona, an gama su sarai. Kusa da su akwai mazubi mai ɓari biyu, kamar an tsaga dogon kifi, a cikinsa ake zuba gangar jikin jirgin. Babu komai a ciki. Ga gwangwanaye, ga littafin da Baba yake rubutu, ga wani farin yadi mai sheƙi a naɗe. Kaka ya wuce komai, ya kama bakin yadin ya murza a yatsunsa. Ya daɗe yana murzawa.

"Wannan da me aka saƙa shi?"

Na ce da zaren gilashi, haka Baba ya gaya mini.

Ya ɗaga wani guntu da Baba ya riga ya yanka, ya duba shi a fitila. "A karkace ya yanka, don ya bi lanƙwasa. Ni na koya masa wannan." Ya ajiye, ya nuna littafin. "Karanta mini abin da ya rubuta."

Kaka ba ya karanta Faransanci, don haka aikin ya zama namu mu biyu. Kullum in na taso daga lakwal, wato makaranta, sai mu sauka. Ni ke karantawa ina juyawa da Hausa, ni ke auna rezin da maganin da ke sa shi daskarewa, shi kuma yana yanka yadi yana shimfiɗawa cikin mazubi, yana danna shi da buroshi har farin ya ɓace ya koma kamar ruwa. Zaren yana shiga fata, mu kwana muna susa. Inna ta ware mana bokitin wanki dabam, ba ta taɓa cewa mu bari ba.

Na farkon bai yi ba. Ɗakin ya cika sanyi, rezin ya ƙi bushewa, ga shi mun yi rowar kakin da ake shafa wa mazubi don kada abin da aka zuba ya kama shi. Da muka zo buɗewa sai ya manne, Kaka ya sa ƙarfi, abin ya yage a hannunsa. Ya zauna a kan akwati, ya dubi yagaggen, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba ko ranar jana'iza. Na ɗauka shi ke nan. Washegari na dawo na same shi yana kankare mazubin da ɗan katako, a hankali don kada ya ji masa rauni. Kwana huɗu ya yi yana wannan. Sa'an nan ya shafa kaki sau shida, muka sake zubawa, ya naɗe mazubin da bargonsa ya hau da shi bene, ya kwantar kusa da bututun ɗumama ɗaki. Wannan karon da muka buɗe, sai ya yi 'yar ƙara ya fito sumul, ba nauyi, kana hango haske ta cikinsa.

A masallaci magana ta fara yawo, wai Alhaji ya rufe shago ya zauna yana haɗa abin wasa. Wani dattijo ya tare shi a gabana, bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Alhaji, lafiya dai ko? Mun ji an ce ka koma ƙere-ƙere."

Kaka ya ce, "Lafiya lau, Malam. Ɗinki ne aka bari ba a gama ba."

A bangon littafin akwai lambar wayar wani tsohon Bature, abokin Baba a harkar ƙananan jiragen nan. Da bazara ta shigo, Inna ta fita takaba, na kira shi. Ya zo da motarsa wata Lahadi. Ya haɗa wayoyin da ke motsa jela da fukafukai, ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu, ya yi ta ƙara dalma a hancinsa har ya tsaya daidai. Ya shafa gangar jikin, ya ce in gaya wa Kaka ko Baba bai taɓa fitar da mai santsin wannan ba. Na faɗa masa.

Muka fita yamma da gari, muka hau wani tudu mai ciyawa, ƙauyuka suna can ƙasa. Iska tana busowa daga kwari, tana kaɗa babbar rigar Kaka. Baturen ya ce iskar nan in ta bugi tudu sama take yi, ita ce za ta ɗauki jirgin. Ya riƙe akwatin rediyo, ya ce Kaka ne zai jefa. Kaka ya tsaya a bakin gangare, wata huɗu na aikinsa a hannu ɗaya, ƙasa kuwa duwatsu ne. Ya yi bisimilla ya sake shi.

Jirgin ya ɗan nutsa. Sai ya ɗaga hanci ya hau, ya yi ta hawa, babu ƙarar komai sai ɗan fito in ya gifta ta gabanmu. Can Baturen ya ɗora yatsuna a kan sandunan akwatin rediyon, nasa a kan nawa, na juya jirgin sau biyu da kaina. Da na waiga, Kaka ya cire tabarau, kansa a sama.

Ya ce, "Amaryata, haka shirwa take yi a kan duwatsun garinmu. Ina yaro sai in wuni ina kallo." Can ya ƙara da cewa, "Shekara tara ubanki yana cewa in zo in gani. Kullum sai in ce masa ina da ɗinki."

Muka tsaya har Baturen ya sauke jirgin cikin ciyawa.

Bayan shekara biyu Kaka ya koma Damagaram, can ya rasu. Benenmu an rushe shi tuni, an dasa itatuwa a wurin. Yanzu jirage irin wannan a kwali ake sayensu a haɗe, yara ma a waya suke tuƙa nasu. Ɗana ba ruwansa da yadi ko almakashi, shi a kwamfuta yake gina garuruwan da ban gane kansu ba. Sau da yawa yakan leƙo madafa ya ce, "Mama, zo ki gani." Wani lokaci albasa tana kan wuta, wani lokaci na gaji ƙwarai. Sai in kashe wutar, in goge hannuna, in bi shi.