Malam Ikrima da Hasken da Ido Ba Ya Gani

Kullum in aka tashi daga makaranta, Malam Ikrima kan tura kekensa ta tsakanin gonakin gero zuwa ƙauyensu da ke gabas da Ɗanbatta. Ya yi la'asar, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa. Tun rasuwar matarsa Kaltume, babu mai leƙowa ta ce masa tuwo na hucewa.

Na taɓa tambayarsa me yake kallo haka.

"Gungun taurari ne," in ji shi. "Inda ake haihuwar sabbin taurari, akwai wani haske mai zafi da ke fita, ya wuce shuɗi, ido ba ya ganinsa. Na kusa da mu muna iya ƙare musu kallo. Na nesa kuwa ɗigo ne kawai. To shi ne nake gwada hasken waɗannan da na waɗancan, ko na kusa za su ba mu labarin na nesa."

"Da wa kuke hirar wannan, Malam?"

Ya yi murmushi. "Yau dai da kai."

A kan wannan aiki ne wata jami'a a ƙasar waje ta kira shi ya yi digirin digirgir. Tsohon shugaban makarantar, Alhaji Abdulhadi, ya shaida mini yadda aka yi. Malam ya riga ya ɗinka sababbin kaya, sai ya ji ba za a turo wani malamin fizis a madadinsa ba, za a rufe ajin kimiyya. Ya zo ofis ya ce, "Alhaji, a bar ajin. Na fasa." Bai ƙara tayar da zancen ba.

Kai ne, Malam, ka riƙe ajin nan har furfura ta cim maka. Daga hannunka Fadima ta fito, wadda yanzu take koyarwa a jami'a, da likitan da ke duba iyayenmu. Gwani na gwanaye, ranar da ka yi ritaya ta faɗo lokacin noman farko, kujerun da aka jera rabi babu kowa. Ka gode wa waɗanda suka zo, ka tura kekenka ka tafi.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Malamai matasa, ku yi koyi da shi. Mu kuma sauran, zaurensa a buɗe yake bayan la'asar. Ku je ku yi sallama, ku zauna, ku tambaye shi me ya gano.