Dutsen da Na Kasa Yi wa Kakana

Jiya ina wasa wuƙa sai na ji yashi yana zubowa daga jikin dutsen, yana maƙale mini a yatsa. Nan take na tuna da kakana, Allah ya jiƙansa, da yadda karatuna ya ƙare.

Zamanin Turawa ne. An sa ni elemantare a Kazaure ba da son ransa ba, ga shi kuwa a gidanmu maganarsa ita ce magana. Manomi ne, da rani kuma yana haƙar rijiya. Ni dai ina son makarantar nan kamar me.

Wata rana malaminmu ya ce duwatsu ba asalinsu ɗaya ba. Wani, in ji shi, yashi ne ruwa ya kwaso ya jibge, nauyi ya danne shi har ya haɗe. Wani laka ce ta kwanta ta taurare. Allin da ke hannunsa kuwa wai ƙwanson ƙananan halittun teku ne. To, manyan duwatsun da suka kewaye garinmu fa? Ya ce waɗannan dabam ne, daga wuta suka fito. Wallahi kaina ya ɗaure, amma da rawar jiki na kai labarin gida.

Kakana ya yi dariya har da tari. A wajensa dutse haihuwa yake yi, shi ya sa duk shekara muke tsince gona, damina ta zo mu tarar da wasu. Kakata kuma ta ce tun ran da aka halicci duniya kowane dutse yana inda yake. Na rasa wa zan bi. Da ya gama dariyar sai ya ɗaure fuska.

“Kai ja'iri, in yashi na zama dutse, yi mini ɗaya kafin a yanke gero. In ka kasa, ba na biyan ƙarya da jikana.”

Na ɗebo yashin rafi a tsohon kasko, na jiƙa, na danne da ɗan dutsen niƙan kakata, na sha faɗa a kansa. Kullum sai na leƙa bayan rumbu inda na ajiye kaskon, yashi yana nan yashinsa. Da hankalina ya tashi na cuɗa shi da yumɓu, ya bushe ƙam. Kakana ya jujjuya shi ya ce wannan ai tubali ne, su ma suna yi. Da na kai kuka wajen malam ya ce abin yana ɗaukar shekarun da ba sa ƙirguwa. Haba malam, ai da ka faɗa tun farko! Aka yanke gero, kakana ya cire ni daga makaranta, aka kai ɗan wani gida a madadina. Na yi kuka sosai.

Rani na zagayowa muka je haƙar rijiya wajen Babura, ina jan guga. Daga can ƙasa kakana ya turo wani dutse ja-ja mai layi-layi a cikin gugan. Da ya fito ya murza gefensa, sai ga yashi a tafinsa. Ya daɗe yana kallo.

“Anya malamin nan naka...” Bai ƙarasa ba.

Yanzu jikokina suna rera sunayen duwatsun nan da Turanci, ba wanda ya ce su kawo shaida. Rannan ƙaramar ta miƙo mini littafinsu ta ce in duba ko ta faɗa daidai. Ni da ban iya karanta Turanci ba, na riƙe shi, na ce mata daidai ne.