Mangwaron Gonar Rano

Duk wanda ya saba bin titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi a wancan zamani ya san Malam Ɗan'azumi mai dashe, siririn dattijon nan da ke tsugune a gindin katanga cikin ledojin mangwaro da gwaiba. Mutumin Rano ne. Ya shigo birni yana saurayi da aska ɗaya da sana'ar da ya koya a hannun ubansa, wato auren bishiya. Zai fere reshen mangwaro mai daɗi, ya tsaga kan ɗan mangwaron gargajiya mai zare, ya cusa, ya naɗe da leda. In ya kama, 'ya'yan reshen za a sha. Ma'aikatan jinya na asibitin koyarwa su ne manyan masu saye a wurinsa, kullum suna tsokanarsa wai ya fi son itace da mutane. Bai taɓa musu ba.

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, kowa ya tashi neman fili. Ƙanensa Mu'azu ya sayar wa wani sabon kansila gonarsu ta gado, sannan ya aiko wai ranar Asabar za a sare itatuwa. A gonar nan akwai mangwaro guda da marigayi ubansu ya aura da hannunsa, babu zare, ga ƙanshi, kuma Ɗan'azumi bai taɓa ganin irinsa a ko'ina ba. Shekara ashirin yana cewa baɗi zai je ya yanko reshensa. To, baɗin ta zo masa a tsakiyar bazara.

Aure kuwa damina yake so, lokacin da iska ke da laima, ruwa na gudu a jikin itace. A zafin Afrilu reshe kan bushe tun bai san inda aka ajiye shi ba. Ya sani sarai, amma ya zai yi? Ya je Rano, ya dawo da rassa talatin a jiƙaƙƙen buhu, ya aura su a bayan ɗakinsa na Tarauni, ya yi musu rumfar zana. Rijiyar gidan ta ƙafe, ya koma bin 'yan garuwa. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya tarar da biyu ko uku sun yi baƙi. Ranar da rediyo ke ta shelar rantsar da sabuwar gwamnati, shi uku suka rage masa. Kafin ruwan farko ya sauka saura ɗaya tilo, amma idon reshen ya fara kumbura, alamar zai yi toho.

Sai taifot ta kayar da Ɗan'azumi. Ana sa shi a mota ya ce wa matarsa Hadiza, "A ba dashen nan ruwa, a kula da awaki." Bai gaya mata abin da kowane mai dashe ya ɗauka duniya ta sani ba, cewa duk tohon da ya fito a ƙasan leda tsinke shi ake yi, don na gargajiyan ne mai zare, kuma shi ke shanye ruwan da zai hau sama.

Mako uku ya yi a gadon asibiti. Ranar da aka sallamo shi, ko takalmi bai cire ba Hadiza ta ce, "Malam, zo ka ga abin mamaki."

Ganye ne jajaye shar, toho har huɗu, dukansu a ƙasan ledar. Ya tsuguna da ƙyar, ya kankare reshen sama da farce. Ya bushe ƙayau har ciki. Abin ya yi masa ciwon da ko ranar jana'izar ubansa bai ji irinsa ba.

"Har kashin awaki na zuba masa," in ji Hadiza tana murmushi. "Shekara nawa kafin mu sha mangwaron Baba?"

Ya dubi ganyen, ya dube ta. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Shimfiɗa mini tabarma in kwanta."