Hukuncin Inna a kan Mai-haƙora

Shekarun baya, zamanin da rediyon ƙasar nan ba shi da aiki sai waƙar yabon mai mulki, ina zaune a Zongon Lome, gidan iyayen maigidana. Shi direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa ya kai Yamai ko Wagadugu, sai in yi makonni ban sa shi a ido ba. Abokan hirata a lokacin su ne tsofaffin littattafan Faransanci da wani mutum ke bazawa a ƙasa kusa da babbar kasuwa. Ɗan karatun kwalejin da na yi, ga inda ya ƙare.

Waɗanda na fi so su ne waɗanda nake kunyar a ga bangonsu. Labarin wata halitta ne da Turawa suka ƙago: mutum ya mutu amma ya ƙi kwanciya, da jinin mutane yake rayuwa, rana in ta taɓa shi sai ya ƙone. Kullum kuma kyakkyawa ne, mai ladabi, mai kewa a ido, kullum sai ya faɗa son wata yarinya. Na san tatsuniya ce, ina karantawa ina a'uzubillahi, amma ban taɓa iya ajiye ɗaya a rabi ba. Miyar da na ƙona saboda su, Allah kaɗai ya san yawanta.

A wannan zamanin ne surukina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Surukata, da muke kira Inna, ta gama takaba amma zuciyarta ba ta fita ba. Da mace ce mai baki, wadda tun daga bakin layi ake jin faɗanta. Sai ga ta ta koma zama a ƙofar ɗakinta da carbi, gaisuwa kawai take amsawa. In na kai mata tuwo da miyar ayoyo, ta yi loma biyu ta ture. Kullum ramewa take. Maigidana da zai tafi ya ce, "Ki lallaɓa ta ta ci abinci. Ina tsoron in dawo in tarar da wani labari." Na dama kunu, na dama fura, na yi farfesu, duk a banza.

Wata rana bayan la'asar, maƙwabciyata, wata Bazabarmiya mai kitso, tana yi mini kai a tsakar gida, littafin yana kan cinyata. Ta leƙa bangon ta ce, "Amarya, wannan mai jan bakin fa, goro ya ci?" Na yi dariya na soma ba ta labarin da Hausa. Kafin a gama kitson, matan gidan haya na kusa da mu sun kewaye mu. Washegari suka dawo da farantan tsintar shinkafarsu, kowa ta nemi wuri. Su suka raɗa wa mutumin suna Mai-haƙora.

Ba a taɓa barina in yi shafi guda lafiya ba.

"Wai da rana yake barci? To azahar da la'asar fa?"

"Yaya, ba Musulmi ba ne."

"Ai ga irinta nan."

Da na ce ba ya iya shiga gida sai masu gida sun ce ya shigo, mai kitso ta ce, "Wallahi ya fi wasu mazan Zongo tarbiyya." Da na ce warin tafarnuwa na korar sa, wata ta ce ai ko ƙofar kicin ɗinta ba zai kai ba, yajinta kaɗai ya ishe shi.

Da farko ina rage murya don Inna, ina gudun ta ce na kawo shirme gidan makoki. Amma na lura duk lokacin da Mai-haƙora ya matso kusa da yarinyar, carbin nan sai ya tsaya a hannunta. Bayan 'yan kwanaki ta jawo kujerarta kusa da mu, ta ce rana ce ta dame ta. Alhali inda ta baro ne ke da inuwa. Abincin dai har yanzu tana ture shi.

Muka kai inda yarinyar ta roƙe shi ya cije ta, ta zama irinsa, su zauna tare har abada. Ga shi tsaye a bakin taga, gari na shirin wayewa, dole ya zaɓa. Na juya shafi, sai bango. An yage ƙarshen littafin.

Har kasuwa na koma. Mai littattafai ya ce, "Madam, haka ya sauko daga jirgi. Ƙila can ma suna naɗe gyaɗa da takarda."

Da na kawo wannan labari, tsakar gida ta koma kotu. Mai kitso ta ce, "Ya cije ta kawai a ɗaura aure, kowa ya huta." Wata ta ce wa zai tsaya masa, mutumin da danginsa suka ƙare tun kafin a haifi kakanninmu? Ana cikin wannan hayaniya muka ji murya daga bayanmu.

"Ku dai ba ku da hankali."

Inna ce.

"Yarinya da ranta, uwarta na nan, za ku tura ta kabari saboda namiji? In da gaske yake son ta, ya buɗe taga rana ta same shi, ya je ya huta kamar kowane mamaci. Wanda ya tafi ba a bin sa."

Mai kitso ta ce a hankali, "To Inna, ita yarinyar fa? Ai baƙin ciki zai kashe ta."

"Ta yi kukanta, kuka ba haramun ba ne. In ta gama ta tashi ta wanke fuska ta ci tuwo."

Ta faɗi haka, sai ta daɗe tana kallon hannuwanta, yadda awarwaro ke yawo a jikinsu. Can ta ɗago ta dube ni.

"Ke mai littafi, miyar jiya da saura? Gishirinta bai ji ba, amma kawo."

Na ruga kicin ina dariya, hawaye na zuba cikin murfin tukunya. Ta cinye tas, tana ci tana lissafa mini laifin miyar. Ranar da maigidana ya dawo, tun a ƙofa ta tare shi da faɗan ya rame, wai ba ya cin abinci a hanya. Ya tsaya da jaka a hannu yana murmushi kamar an ba shi kyauta.

Har yau ina karanta irin waɗannan littattafai, yanzu da tabarau, jikokina na yi mini tsiya. Ban taɓa neman ainihin ƙarshen wancan ba, kuma ba na so a gaya mini. Abin da na ɗauka shi ne, mai baƙin ciki ba koyaushe lallashi yake buƙata ba. Wani lokaci a ba shi matsalar wani ya warware, ko da ta tatsuniya ce, sai ya ji nasiharsa da kunnensa. Mu duk mun gaya wa Inna ta ci abinci ba ta ji ba, sai da ita ta gaya wa yarinyar cikin littafi. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta.